Taba Ta Riga Ni Isa Ruga

Tun da na dawo daga dajin Kebbe, ban taɓa zama a majalisarmu ta ƙofar masallaci ba sai wani ya tare ni da tambaya. Wannan ya ce ya ji Fulani sun ba ni jiƙon saiwa. Wancan ya ce a'a, ɗaure ni aka yi a gindin kirya kwana bakwai. Mai teburin bakin layinmu, wanda ya rasa babban mai saye, shi cewa yake yi asiri aka yi mini. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure kowa yana ƙara masa gishiri, saboda haka ga shi nan yadda ya faru, daga tashar Tambuwal har dawowa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shan taba sigari, kuma a shekarun baya-bayan nan kwali biyu nake tashi da su kowace rana. Aikina karanta labarai ne a wani gidan rediyo a Sakkwato, iyalina kuwa suna Tambuwal. Wata safiya ina tsakiyar wata jimla mai tsawo numfashi ya ƙare mini, tari ya biyo baya, irin wanda ba ya jin lallashi, har sai da mai kula da na'ura ya rufe ni ya sa kiɗa. Shugaban sashenmu bai yi faɗa ba. Ya ba ni hutun wata ɗaya, ya ce idan na dawo muryar tana nan yadda take, za a mayar da ni teburin fassara, wani ya karɓi karatun. Likita ya saurari ƙirjina ya ce shawara ɗaya gare shi, kuma na riga na san ta.

Na san ta, domin sau uku ina bari ina komawa. Matsalar ita ce a Sakkwato da Tambuwal duk mai tebur ya san irin wadda nake sha, kafin in gama sallama ya miƙo. Sai na yi tunanin in tafi inda babu tebur. Mahaifina, wanda Fulani ke kira Baffa, da mahaifin Ardo Manu aminai ne na gona da garke: kowace shekara bayan girbi sukan sauke shanunsu a gonarmu, su ci kara, su bar mana taki. Yanzu Ardo yana zaune da mutanensa a wata ruga bayan Kebbe. Ranar kasuwa na tare ƙanensa Sambo a wajen masu awaki, na ce ya gaya wa Ardo ina so in zo in huta a wurinsu mako biyu. Ban faɗi dalili ba. Kunya ta hana ni, mutum da furfurarsa ya ce ya gudo wa karan taba. Ina wannan magana kuwa da kara a hannuna yana ci. Wannan shi ne kuskuren da komai ya biyo bayansa.

Ranar tafiya na sha ta ƙarshe a bayan gida bayan sallar asuba. Maiɗakina ta zazzage jakata a kan tabarma, ta laluba har cikin safa, sannan ta zuba mini goro da citta da asuwaki da alewa. Ta ce, "Malam, in ka dawo da warin ga, kada ka ce mani komi, hancina ya ishe ni labari."

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. Motar da na samu a tasha an ƙera ta ne domin mutum biyar, muka shiga mu tara, ban da kajin wata mata 'yar Sanyinna da ke cikin kwando a kan cinyarta. Ba mu bar gari da nisa ba direba ya zaro kara ya kunna. Matar ta ce, "Direba, ka kashe abin ga don Allah, kajina na atishawa."

Ni kuwa na lura da kaina na karkata gaba kamar mai son ganin hanya, hancina yana bin hayaƙin. Ban san lokacin da na ce, "A bar shi ya ƙarasa, Hajiya, saura kaɗan," ba.

Wani dattijo ɗan Jabo da ke matse da ni ya juyo da sauri. "Tsaya! Muryar ga na san ta. Kai na mai labaru!"

Na ce ni ne.

"To ran nan mi yas same ka? Muna gona munka ji kamar an shaƙe rago. Nac ce ma yara, wanga ko ya haɗiye takardar ne?"

Motar duka ta ɗauki dariya, har da ni. Daga nan har Kebbe bai bar ni na huta ba. Ya sa na gaishe da masu sauraro sau biyu da muryar aiki, ya kuma ba ni saƙon ƙorafi kan tsadar taki in kai wa hukuma, domin a ganinsa mai karanta labari shi ne maƙwabcin gwamnati.

A Kebbe na ci tuwon dawa da miyar kuka a wata rumfa kusa da tasha. Ina tsame hannu daga kwano sai na ga hannun ya wuce aljihun gaba da kansa, ya laluba, ya dawo ba komai. Abin ya ba ni mamaki, domin ban aike shi ba. Na fara lura da shi daga nan, kamar yadda ake lura da baƙo: bayan abinci yakan je, idan an ce a jira yakan je, idan wani ya ɓata mini rai yakan je.

Daga Kebbe mota ba ta shiga, sai kabu-kabu. Wanda ya ɗauke ni sunansa Lawwali, mutum mai iyali, mai son magana da waiwaye, abin da bai dace da irin wannan hanya ba. Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka iso wani rafi, ya tsaya ya ce nan ce iyakarsa. Na zaci ruwa yake tsoro, ashe yarjejeniya ce tsakaninsu: masu babur na wannan gaɓa ba sa ɗaukar fasinja zuwa waccan, na can ma ba sa ƙetarowa. Babu allo, babu tuta, amma ban taɓa ganin iyakar da ake girmamawa kamarta ba. A gindin wata tsamiya 'yan sintirin ƙauye biyu suna duba kayan matafiya. Ɗaya ya buɗe jakata, ya ga goro, ya ga citta, ya ga asuwaki dami guda, ya ɗago kai.

"Alhaji, talla za ka, ko haƙori ka ciwo?"

Na ce ziyara za ni. Ya ɗauki alewa ɗaya a matsayin haraji, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ruwan ya kai cinya. Na ƙetare lafiya, amma hawan gangaren can gaɓar ya tona mini asiri. Bai fi tsawon katangar gida biyu ba, sai ga ni a tsakiya na dafa gwiwa ina neman iska. Wata tsohuwa da ƙwarya uku a kanta ta wuce ni tana cewa, "Sannu, Alhaji. Ko in aje nonon in goya ka?" A sama Sambo yana jirana da sandarsa a kafaɗa. Ya ga halin da nake ciki sarai, sai ya juya ya shiga kallon wata bishiya har na iso. Lokacin ban gane ba, daga baya na fahimci ladabi ne: a wurinsu ba a zuba wa mutum ido yana cikin rauni.

Tafiyar awa ɗaya ce a ƙasa zuwa rugar, mun yi ta a biyu. Bukkoki goma sha wani abu ne a kan tudu, garke a gabas, igiyar maruƙa a miƙe a tsakiya. Ardo Manu ya fito, dogo, ya haura sittin, da ƙaramin rediyo rataye a kafaɗa. Gaisuwar ta ɗauki lokacin da zan karanta kanun labarai sau uku. Ya tambayi gida, da yara, da gajiya, da ruwa, da mutanen Tambuwal, duk yana kallon gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa. Abu ɗaya ne bai tambaya ba: me ya kawo ni. A Tambuwal baƙo ba ya gama cire takalmi sai an ce, "Lafiya dai ko?" A can kuwa tambayar baƙo dalilin zuwansa kamar tambayarsa ranar tafiya ne. Na ji daɗin wannan al'ada ƙwarai a ranar farko.

An ba ni bukka sabuwa, da gadon kara, da buzu. Abinci ma da nasa tsarin. Mu a gida maigida da baƙo kwano ɗaya suke sa hannu, ana ci ana gardama. A can ana kawo maka ƙwarya a ajiye, a ja da baya, ka ci kai kaɗai. A kwana goma sha huɗu ban ga Ardo yana tauna komai ba, har na soma zargin ko da iska yake rayuwa. Da yamma tuwon gero ne da man shanu yana yawo a kan miya, da safe fura da kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki.

Washegari da safe aka ajiye mini ƙwaryar fura an rufe da faifai. A kan faifan akwai kwalin taba sigari sabo, ba a ɓare ba, irin wadda nake sha, da ashana a gefensa.

Na daɗe ina kallonsa. Na yi tafiyar yini guda, mota da babur da ƙafa da rafi, don in zo inda babu taba, ashe ta riga ni isowa. Yadda abin ya faru, kamar yadda na ji daga baya, shi ne Sambo ya gaya wa Ardo cewa baƙon da ke tafe ba ya rabuwa da kara, ya kuma kwatanta launin kwalin. A rugar babu mai shan sigari, wasu dattawa dai suna ɗan sa garin taba a baki. Amma ƙa'idarsu ita ce baƙo ba ya roƙo. Abin kunya ne ga mai masauki a ce sai da baƙonsa ya buɗe baki ya nemi abu. Saboda haka tun kafin in zo Ardo ya tashi Sambo takanas zuwa Kebbe, ya sayo ƙunshi guda mai kwali goma.

Mayar da abin da aka ba baƙo cin fuska ne, wannan ko a Tambuwal haka yake. Sai na yi abin da na ga ya fi sauƙi: na jefa kwalin a ƙasan jaka, na mayar da faifai. Su kuma da suka ga faifai ya dawo ba komai, suka ce madalla, baƙo ya ji daɗi. Gari na wayewa ga wani.

Kwanakin nan uku na farko ba zan yi musu ado ba. Kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. Barci ya zama gutsattsari. Haushi yake zuwa ba dalili, har wata akuya na yi wa tsawa da cikakkiyar Hausar rediyo don ta kalle ni. Na ci goro har haƙorana suka yi tsami, na tauna asuwaki har ya zama igiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sha'awar take zuwa. Na ɗauka abu ne mai ɗorewa yini guda, ashe taguwa ce, irin igiyar ruwa. Na duba agogo sau da yawa: takan taso, ta kai ƙarshenta, ta sauka, duka cikin mintoci kaɗan. Wahalar ita ce a cikin waɗannan mintoci na san daidai inda kwalayen suke, taku uku daga inda nake zaune.

Don in nisanci jakar sai na riƙa bin Sambo kiwo. A nan na ga mutum yana kiran saniya da sunanta ta fito daga cikin sittin ta zo. Na tambaye shi yadda yake gane su, ya ce, "Kai ƙaƙa kaka gane ɗiyanka?" A rana ta huɗu kuma wani abu ya dawo mini wanda ban san ya tafi ba. Muna wucewa ta wata fadama sai na ji ƙanshin ɗoɗɗoya, sosai, kamar an murza mini a hanci. Na tsaya ina shaƙa. Da muka koma gida na gane garke ma yana da nasa ƙanshin, wanda ba zan ce na yi kewarsa ba.

Akwai yayar Ardo, Goggo Dije, wadda ke kawo nono gidanmu tun ina yaro. Ita ke share bukkata. Tsohuwa ce mai ido, ta kuma lura da abin da maza ba su lura da shi ba: kwana huɗu babu guntun taba ko ɗaya a ƙasa, babu toka, babu tsinken ashana. Ta kai wa Ardo rahoto. Suka zauna suka auna maganar da hankalinsu, suka cim ma matsaya ɗaya: tabar ba ta yi wa baƙo ba, kara ce kawai ta hana shi faɗi. Mutumin birni ne, wataƙila ya canza zuwa mai tsada.

Rana ta biyar na fito ban ga Sambo ba. Wani ya kora shanunsa. Sai bayan azahar ya dawo, wandonsa jiƙe har ƙugu, ƙafarsa ɗaya ta tsage a dutsen rafi. Ba a jima ba aka kawo mini faifai, a kansa kwali biyu masu ruwan zinariya, irin waɗanda ni kaina sai da salla nake saye.

A nan ne na faɗi, kuma gara ku ji daga bakina. Na ce wa kaina mutum ya yi tafiyar nan sau biyu domina, ya zubar da jini, rashin mutunci ne a ce ko ɗaya ban taɓa ba. Hujja ce mai kyau, shi ya sa na san ba daga wurina ta fito ba. Na zagaya bayan garke, na ɓare kwalin, na kunna, na ja sau ɗaya. Ƙasa ta juya. Tari ya turnuƙe ni har na durƙusa, furar safe ta dawo. Na murƙushe sauran a ƙasa. Shi ya sa idan an tambaye ni yaushe na bari, daga wannan rana nake ƙirgawa, ba daga ranar da na bar Tambuwal ba.

Ina ɗagowa sai ga Goggo Dije tsaye da tsintsiya. Ita tsufa ya sauke mata wannan ladabi na kau da kai.

"Ummaru, wagga ma ba ta yi ba? To wace iri kaka sha, ta Makka?"

Na ce, "Goggo, ba iri ba ne. Bari na zo yi. Likita ya hana ni, aikina ma yana shirin tafiya saboda ita. Na zo nan ne don na san babu mai sayarwa."

Ta saki tsintsiyar. Ta dube ni, ta dubi kwalin, sai dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. "Wayyo ni Dije! Kura kag gudo ma, mu ko munka ɗaure maka ita bakin gado! To mi yah hana ka faɗi?"

"Kunya, Goggo."

"Kunya? Kai da kaka magana duniya duka na ji? Ka bar muna kunya, mu munka gade ta. Ku Haɓe ai da baki anka san ku."

Na roƙe ta ta san yadda za ta gaya wa Ardo ba tare da ya ji nauyi ba. Ta ce in bar mata. Ina jin ta tun daga nesa tana ƙwala masa kira, saboda haka ban tsammanin ta bi shawarata.

Ardo bai zo ba sai bayan la'asar. Ya zauna a kan dutse gefena, ba gabana ba, yana kallon garke. Sannan ya fara magana kamar da shanun yake yi.

"In za mu yaye maraƙi, Malam, ba mu barin shi kusa da uwa. Wani garke muka kai shi. In ba hali, sai mu ɗaura mai ƙaya ga hanci, in ya zo tsotso uwar ta harbe shi. Kai ka kawo kanka wani garke. Mu ko kullum safe muna miƙo maka hantsa."

Na ce laifina ne da ban faɗa ba.

"Awo, naka na. Namu na kuma." Ya taɓa rediyon da ke kafaɗarsa. "Ran da tarin nan yak kama ka, muna ji. Nac ce ɗan Baffa ba shi da lafiya. Da kac ce za ka zo, nac ce a samo mai duk abin da shika so, shi warke. Ban san abin da shika so shi na ciwon ba."

Daga nan ya tambaye ni, karo na farko da ya yi mini tambaya kai tsaye, wane lokaci abin ya fi damuna. Na ce da safe bayan fura, da yamma bayan tuwo. Ya gyaɗa kai ya tashi.

Maganin da Fulani suka ba ni, ga masu tambaya, shi ne wannan. Washegari ina ajiye ludayi aka kira ni wurin tatsa. Yadda suke yi, sai an saki maraƙi ya ɗan tsotsa nono ya sauko, sannan a janye shi a riƙe a gaban uwar har a gama. Ni aka ba riƙon. Maraƙin da ya ɗanɗana nono aka janye shi ba ya san mai karanta labarai. Yana fizga, yana tuma, yana taka ƙafa, kuma hannu biyu yake ci, babu wanda zai je aljihu. Kafin a gama da saniya ta takwas na jiƙe da gumi, taguwar ta zo ta wuce ban ma san ta zo ba. Da yamma kuma ni ke taya ɗaure su a igiya. Sau biyu maraƙi ya kayar da ni a cikin kashin shanu, matan da ke tatsa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu kaɗai ke rawa. Dattawan da ke sa garin taba kuwa, na lura sun daina ciro 'yan battocinsu idan ina wurin.

A mako na biyu tari ya ƙaru maimakon ya ragu, har na tsorata, sai daga baya ya fara sauƙi. Na koma cin abinci kamar mai ramuwa. A wurin kiwo nakan tsaya nesa in karanta labaran da na haddace da ƙarfi, ina gwada inda numfashi zai kai ni. Sambo ya ce shanun sun fi son labaran ƙasashen waje.

Ranar komawa aka haɗa mini tsaraba: man shanu a kwalba, ƙwan zabi, da wani ƙulli a tsumma. Na taɓa ƙullin na ji kusurwoyi. Sauran kwalayen ne. Na dubi Ardo, ya dubi gefe.

"Da sunanka anka saye su. Abin baƙo ba shi kwana bayan baƙo. In mun riƙe, mun ci kyautarmu. Ka yi yadda kag ga dama da su, amma can."

Haka na kamo hanya da kwali goma sha biyu a jaka, ɗaya a ɓare, ni da na je da alewa. Gangaren rafin na sauka na hau ɗaya gaɓar, na yi haki, amma ban dafa gwiwa ba. Ɗan sintirin nan ya buɗe jakar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhaji, kai kam ban gane sana'arka ba."

Lawwali ne ya sake ɗauko ni, kuma ba mu yi rabin hanya ba tayar baya ta yi faci. Ya cire ta ya hau babur ɗin wani ya tafi neman mai gyara, ya bar ni a gindin wata ɗorawa da jakata. Awa uku na yi a wurin. Babu maraƙi, babu Goggo, babu mai ganina. A duk tafiyar nan babu inda ya kai wannan wuri wuya. Taguwa ta zo sau huɗu, na ƙirga. A ta farko na ci goro. A ta biyu na rataye jakar a reshe na koma wata bishiya. A ta uku na karanta wa gonar dawa labaran duniya daga farko har hasashen yanayi. A ta huɗu ban yi dabarar komai ba, na zauna a kan hannuwana kawai har ta wuce.

A Kebbe na nemi kantin da Sambo ya yi sayayya. Na zube kwalayen a gaban mai kantin na ce ba kuɗi nake so ba, ya ba ni kanwa a madadinsu, irin wadda ake ba shanu. Ya dube ni, ya ce shekararsa ashirin a kasuwa, ya ga an musanya taba da abubuwa da yawa, amma bai taɓa ganin an musanya ta da kanwa ba. Na san wani ne zai saye su ya sha, wannan bai kwanta mini ba har yanzu. Amma ban iya zubar da kyautar Ardo a kwata ba, ban kuma yarda in kai ta Tambuwal ba. Na ba Lawwali kanwar ya kai bakin rafi a miƙa wa na can gaɓar.

Maiɗakina ta tare ni a zaure, ta karɓi jaka, ta sunsuni rigata, ta ce, "Shanu."

Da hutu ya ƙare aka sa ni gwaji a ɗakin ɗaukar murya kafin a mayar da ni iska. Muryar ba ta koma ta saurayi ba, akwai 'yar ƙura a ƙasanta wadda likita ya ce wataƙila ta zauna ke nan. Amma na kai ƙarshen kowace jimla. An bar mini labaran safe, na rana an ba wani. Wata bakwai ke nan yanzu. Sha'awar tana zuwa har gobe, musamman bayan tuwo, sai dai ta zama kamar maƙwabcin da ake gaisawa ba a shiga gidansa.

Makon jiya na gamu da Sambo a kasuwa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce kanwa ta isa, shanu sun lashe. Ya ce Ardo yana ji na kowace safiya, kuma ya ba shi saƙo ya kawo mini. Ya gyara sandarsa, ya kalli gefe kamar yadda yayansa ke yi, ya faɗa:

"Yac ce in kaka ta yi ka sake zowa. Amma wanga karo ka aiko da magana tun da wuri. Abin da baƙo ka so, mu ka gano shi da kanmu. Abin da ba shi so na, sai ya faɗi."